Ina Zan Sauka? Tarihin Yadda Masu Larurar Fahimta Suka Fara Hawa Bas Su Kaɗai

Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin wannan makon, saboda waɗanda data ba ta ishe su sauraron murya ba, da kuma 'yan uwanmu kurame da suke bin mu ta karatu.

Yau tarihi za mu taɓa, amma babu sarki a cikinsa, babu yaƙi. Tarihin wani abu ne da yawancinmu muke yi kullum ba tare da mun ɗauke shi a bakin komai ba: mutum ya fito daga gida, ya hau motar haya, ya sauka inda ya nufa, ya dawo lafiya. Akwai miliyoyin mutane a duniya da wannan ɗan abin ya gagare su, kuma ƙafafunsu lafiya lau, idanunsu lafiya lau. Su ne masu larurar fahimta.

Mu daidaita kalma tukuna, don kar a yi mana wata fassara. In na ce larurar fahimta, ina nufin wanda aka haifa da jinkirin koyo, da mai galahanga, da wanda haɗarin mota ko shanyewar ɓarin jiki ya taɓa masa ƙwaƙwalwa, da dattijon da cutar mantuwa ta kama. Wannan daban, taɓin hankali daban. Da yawansu suna iya aiki, suna iya ciniki, suna gane mutane sarai. Abin da ke ba su wahala shi ne riƙe abubuwa da yawa a kai lokaci guda, ko karatu da sauri, ko yanke shawara a cikin hayaniya.

To yanzu ka lissafa abin da ƙwaƙwalwarka take yi a tafiya ɗaya tak. Ka san lokacin fita. Ka gane motarka a cikin motoci goma masu launi ɗaya. Ka lissafa kuɗi da canji. Kana zaune, kana hira, amma wani ɓangare na kanka yana lura da hanya. Sannan ga babban: ka san daidai lokacin da za ka yi magana a tsaya. In ka yi da wuri, ka sauka a unguwar da ba ka sani ba. In ka makara, an wuce da kai. Wannan 'yan daƙiƙun su ne duk labarinmu na yau ya rataya a kansu.

Mu fara daga Amurka, domin can aka fi yin wannan gwagwarmaya a fili.

Har zuwa tsakiyar ƙarni na 20, tambayar yadda irin waɗannan mutane za su hau bas ba ta ma taso ba, saboda da yawansu ba a barinsu su fita. Gwamnatocin jihohi sun gina manyan gidaje a bayan gari, ana kai yaro tun yana ƙarami, a can zai girma, a can zai mutu. Wanda ya fi shahara shi ne Willowbrook, a tsibirin Staten da ke birnin Niyok. An tsara shi don mutum 4,000, amma zuwa 1965 akwai fiye da 6,000 a ciki. A 1972 wani matashin ɗan jarida mai suna Geraldo Rivera ya shiga da kyamara, aka nuna wa duniya yara tsirara a ƙasa, cikin ƙazanta, ma'aikaci ɗaya yana fama da yara da yawa. Iyaye suka shigar da ƙara, aka fara fitar da mutane a hankali, har aka rufe gidan a 1987.

Irin wannan ya faru a jihohi da dama. Aka mayar da dubban mutane cikin unguwanni, wasu wurin danginsu, wasu a ƙananan gidaje da mai kula da su. Sai dai an gudu ba a tsira ba. Mutumin da ba zai iya tuƙi ba, kuma ba zai iya hawa bas shi kaɗai ba, sai ya zama an canza masa ɗaki ne kawai. Aiki yana wancan gefen gari, makarantar koyon sana'a tana wancan gefen, asibiti haka. Sai ya jira ranar da wani yake da lokacin kai shi.

A ranar 5 ga Yuli, 1978, a birnin Denver, mutum 19 masu larura suka tare motocin bas a mahadar titunan Colfax da Broadway. Wasu suka sauko daga kekunansu suka kwanta a kan kwalta, kuma a nan suka kwana. Buƙatarsu ita ce hukumar sufuri ta daina sayen bas ɗin da keken guragu ba zai iya shiga ba. Daga wannan zanga-zanga ƙungiyar ADAPT ta samo asali a 1983, ta yi shekaru tana bin tarukan masu harkar sufuri gari-gari tana tare hanya. Ranar 26 ga Yuli, 1990, Shugaba George Bush babba ya sa hannu a dokar kare haƙƙin masu larura ta Amurka, wadda aka fi sani da ADA.

Dokar ta yi abubuwa uku da suka shafe mu. Ta ce duk sabon bas dole keke ya iya shiga. Ta ce wanda ba zai iya hawa bas na kowa da kowa ba, a tanadar masa ƙaramar mota ta musamman da za ta ɗauke shi. Sannan ƙa'idojinta suka wajabta a riƙa faɗin sunan manyan tashoshi da wuraren canjin mota da baki, kuma in fasinja mai larura ya roƙi a gaya masa tasharsa, dole a gaya masa.

Wannan nasara ce babba, babu ja. Amma ku lura da abu ɗaya. Matsalar mai keke ana ganinta da ido, matakala ce, injiniya zai auna ta ya gyara. Matakalar mai larurar fahimta kuwa a cikin bayani take: jadawali mai ƙananan lambobi, taswira mai layuka kala-kala, direban da ya manta bai faɗi tasha ba. Shi ya sa yawancinsu aka tura su motar musamman. Ita kuma galibi sai ka kira tun jiya ka nemi gurbi, ka jira ta zo, ta zaga da kai tana ɗaukar wasu. Kuɗin da hukuma ke kashewa a kowace tafiya ya ninka na bas sau da yawa. Kuma saurayin da abokinsa ya kira shi yanzu ya ce fito mu je kallon ƙwallo, wace mota zai nema tun jiya?

A 1999 Kotun Ƙolin Amurka ta ƙara matsa lamba. Wasu mata biyu a jihar Jojiya, Lois Curtis da Elaine Wilson, an ci gaba da tsare su a asibitin gwamnati alhali likitocinsu sun ce za su iya zama cikin jama'a. Kotu ta ce ware mutum haka ba tare da dalili ba wariya ce. Wannan shi ne hukuncin Olmstead. Da aka ce zama cikin jama'a haƙƙi ne, sai tambayar sufuri ta dawo da ƙarfi. Zama cikin jama'a ba tare da hanyar zuwa wurinsu ba, ai suna ne kawai.

Kafin zuwan waya mai wayo, abin da aka dogara da shi shi ne mutum. Akwai sana'a sukutum ta koyar da tafiya. Malami zai ɗauki ɗalibi ɗaya da hanya ɗaya, misali daga gida zuwa wurin aiki. Da farko su zauna tare, yana nuna masa alamomi: ga gidan mai, ga jan gini, da ka ga gadar can ka shirya. Bayan kwanaki malamin ya koma kujerar baya ya yi shiru. Daga baya ya daina shiga bas ɗin ma, ya bi shi a wata mota ba tare da ɗalibin ya sani ba. Ana haɗa masa katunan hotuna a jere, da kati mai ɗauke da lambar wanda za a kira. Hanyar tana aiki har gobe. Rauninta shi ne tana cin lokaci, malamai ba su da yawa, kuma ranar da aka rushe jan ginin nan ko aka karkatar da hanya, sai an sake sabon lale.

A nan bari mu ɗan leƙa Meziko, domin akwai darasi. A 1969 aka buɗe jirgin ƙarƙashin ƙasa na babban birninsu, a lokacin da mutane da yawa ba su iya karatu ba. Mai zanen alamomin, Lance Wyman, da abokan aikinsa suka ba kowace tasha hotonta. Tashar Chapultepec fara ce, saboda ma'anar sunan a yaren mutanen asalin wurin ita ce tudun fara. Tashar Candelaria agwagwa ce. Ba don masu larura aka yi ba, amma ka ga wanda ba ya iya riƙe dogon suna zai iya riƙe cewa a wurin agwagwa zai sauka. Duk na'urorin da za mu ambata yanzu, wannan dabarar suka ɗauka: a rage abin da mutum zai riƙe a kai zuwa abu ɗaya a lokaci ɗaya.

Abubuwa biyu suka buɗe ƙofar na'ura. Na farko, a watan Mayu na 2000 gwamnatin Bill Clinton ta daina dagula siginar GPS da gangan ga farar hula. Kafin nan, na'ura tana iya kuskuren wurin da kake da kusan mita 100, wanda ya isa ta ce ka iso alhali an wuce da kai. Da aka cire dagulawar, kuskuren ya ragu kusan ninki goma. Na biyu, a ƙarshen 2005 hukumar sufurin birnin Portland ta haɗa kai da Google, suka fito da tsari ɗaya na rubuta hanyoyin bas da tashoshi da lokuta yadda kwamfuta za ta karanta. Sunansa GTFS, kuma shi birane da yawa a duniya suke amfani da shi yau. Waya ta san inda kake, ta kuma san inda tasha take. Saura ta yi maka magana a kan lokaci.

Masu bincike a Jami'ar Washington da ke Seattle sun gwada wani tsari a 2004 mai suna Opportunity Knocks. Maimakon rubutu, wayar tana nuna maka hotunan wuraren da ka saba zuwa, ka zaɓi ɗaya. Tana koyon hanyoyinka a hankali, in ta ga ka hau motar da ba ita ba ko an wuce da kai, sai ta yi ƙara kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa, ta nuna maka yadda za ka koma kan hanya.

A Jami'ar Kudancin Florida da ke Tampa kuma, suka tambayi masu koyar da tafiya: mene ne ya fi wahalar koyarwa? Amsar ita ce sanin lokacin sauka. A bas ɗin Amurka igiya ake ja don direba ya san akwai mai sauka. Sai suka yi manhaja mai suna TAD wadda kusan duk aikinta magana biyu ce. In an kusa, wayar ta girgiza ta ce ka shirya. In an wuce tashar da ke gab da taka, ta ce ja igiya yanzu. Malami ko iyaye suna iya ganin inda matafiyin yake ta intanet, kuma in ya kauce hanya saƙo zai je musu.

Sai kamfanin AbleLink na jihar Colorado da manhajarsa WayFinder. Ita mai kula da mutum ne zai bi hanyar da kansa, ya ɗauki hotunan alamomi, ya naɗi murya. Matafiyi yana zaune zai ji ana ce masa wannan ba tasharka ba ce, zauna tukuna, daga baya a ce ga wurin saukarka. A 2010 aka wallafa gwajin da aka yi da manya 23 masu jinkirin fahimta a hanyar da ba su taɓa bi ba. Cikin waɗanda suka riƙe na'urar, kashi 73 cikin 100 sun sauka a inda ya dace. Cikin waɗanda aka ba kwatance irin na da, kashi 8 ne kawai. Mutum 23 ba yawa ba ne, kar mu zuzuta. Amma tazarar ta nuna cewa abin da ake kira gazawar mutum, sau da yawa ƙarancin bayani ne a lokacin da ya dace.

To amma fa tsugune ba ta ƙare ba. Batir yana mutuwa. Sigina tana ɓacewa a ƙarƙashin ƙasa. Direba yana canza hanya saboda gyaran titi, waya ba ta da labari. Sannan ga tambayar da masu larurar da kansu suke yi: in mahaifiyata tana ganin duk inda na taka a wayarta, ina da shekara 30, wannan 'yanci ne ko sabon tsaro? Tun 1972 wani marubuci Ba'amurke, Robert Perske, ya yi magana a kan abin da za mu iya kira mutuncin da ke cikin kasada. Ma'ana, in ka hana mutum duk abin da zai iya jawo masa tuntuɓe, ka hana shi girma. Iyaye kuma tsoronsu ba na banza ba ne.

Labarin Japan zai nuna muku nauyin wannan tsoro. A watan Disamba na 2007, a garin Obu na lardin Aichi, wani dattijo ɗan shekara 91 mai cutar mantuwa ya fice daga gida a 'yan mintunan da matarsa, ita ma tsohuwa tukuf, ta yi gyangyaɗi. Ya ƙare a kan layin dogo, jirgi ya kaɗe shi ya mutu. Kamfanin jirgin ya kai iyalinsa ƙara, yana neman kusan yen miliyan 7.2 na asarar jinkirin jirage. Kotun farko ta ba kamfanin gaskiya. Kotun ɗaukaka ƙara ta rage kuɗin zuwa rabi, ta ɗora wa matar. Ku duba saƙon da wannan ya aika wa kowane gida mai tsoho: ku kulle shi, in ba haka ba ku biya. Sai ranar 1 ga Maris, 2016 Kotun Ƙolin Japan ta wanke iyalin. Bayan haka garuruwa irin su Obu da Kobe suka fito da inshorar da hukuma ke ɗaukar nauyi, don kada haɗarin fitar mai mantuwa ya faɗa kan iyali su kaɗai.

Shi ya sa wani reshen wannan tarihi ya koma kan mutanen da ke kewaye da matafiyi. A 2012 hukumar birnin Tokyo ta fito da wata jar alama mai farin kuros da zuciya, ana rataya ta a jaka, don a gane mai larurar da ba a gani da ido. A 2016 filin jirgin sama na Gatwick a Ingila ya fara raba koriyar igiyar wuya mai hoton furen rana, ma'aikaci in ya gani ya san wannan yana buƙatar ƙarin lokaci ko a maimaita masa magana. A Belfast, masu larurar koyo da kansu suka taimaka aka ƙirƙiro katin JAM, wanda saƙonsa kawai a yi haƙuri da ni minti ɗaya. Babu batir, babu data. A Landan kuma, zuwa 2009 an sa wa dukkan bas ɗin birnin na'urar da ke faɗin tasha ta gaba da murya da rubutu, kuma kowa ya amfana: baƙo, makaho, kurma, da wanda barci ya ɗauke.

In kun bi jerin nan da kyau, za ku ga tsarin da abin ya bi. Sai da aka buɗe ƙofofin Willowbrook. Sai da aka kwanta a kan titi a Denver aka samu doka. Sai da birni ya tsayar da tashoshinsa, ya ba su suna, ya buɗe bayanansa. A ƙarshe ne waya ta zo ta ce ja igiya yanzu. Manhajar ita ce ƙaramar 'yar autan labarin, kuma ba za ta iya faɗin tashar da ba ta wanzu ba.

Wannan ne ya kawo mu gida, a taƙaice. Najeriya tana da doka. A watan Janairu na 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda ta taɓo har da sufuri, aka ba da wa'adin shekara 5 na gyara, wa'adin ya cika a Janairun 2024. Amma sufurinmu na yau da kullum adaidaita sahu ne da ƙananan bas, inda tasha take duk inda fasinja ya ce akwai mai sauka. Kuma duk mai sauraron rediyo a Kano ko Kaduna ko Sakkwato ya san sanarwar cigiya: yaro ko dattijo ya fita tun shekaranjiya, ba ya iya faɗin unguwarsu, ga kalar kayan da ke jikinsa. Bayan irin wannan tashin hankali, abin da gidaje da yawa suke yi shi ne su hana shi fita kwata-kwata. Da soyayya ake yi, amma sakamakon ɗaya ne da na tsohon zamani.

Kuma kar wani ya ce motocinmu ba sa tsaruwa. A Nairobi, ɗaliban jami'a sun hau ƙananan bas ɗinsu da ake kira matatu riƙe da wayoyi, suka bi hanya ɗaya bayan ɗaya suna naɗar inda ake tsayawa. A 2014 taswirar ta fito, a 2015 ta shiga Google Maps. Ɗaliban kwamfuta da na tsara birane a jami'o'inmu ba su fi ƙarfin wannan ba. Ƙungiyoyin direbobi suna iya ba kowace hanya launi da hoto, kamar farar nan da agwagwar Meziko. Kwandastanmu ma da ke kiran sunan unguwa da ƙarfi, ya riga ya fara rabin aikin da Landan ta kashe kuɗi ta sa wa na'ura. Abin da ya rage a koya masa cewa in fasinja ya miƙo kati mai sunan wurin saukarsa da lambar waya, amana ce aka ba shi, ba abin dariya ba.

In akwai mai irin wannan larura a gidanku, ku fara da hanya ɗaya gajera wadda yake son zuwa, ku bi ta tare sau da yawa, ku ɗauki hotunan alamomi a waya, sannan ku riƙa ja da baya kaɗan-kaɗan. Ku tambaye shi ra'ayinsa kafin ku sa masa abin bin sawu. Haka masu koyar da tafiya suka yi shekara da shekaru kafin a ƙirƙiro kowace manhaja.

Nan za mu dakata. Masu ƙanne ko iyaye a wannan hali, da direbobi da 'yan adaidaita da ke cikinmu, muna son jin yadda kuke yi a garuruwanku. Ku tura wa wanda kuka san zai amfana. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, ku huta lafiya.